Wadda Yake Kira Ama a Paro

Paro, 6 ga Maris, 2006

Ƙanwata Yangdon,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Ama mahaifiyarmu da mijinki Gembo, da fatan Kencho Sum da muke bauta wa yana tsare ku. Ni ƙalau nake, in ban da mura da ta kama ni bayan bikin Losar na sabuwar shekara, ita ma ta sake ni. Yaya ƙafafun Ama? Har yanzu suna kumbura da yamma? Ki ce mata na ce ta daina hawa tsani ɗauko masara, ga ki ga Gembo a gida.

Na san ranki ya ɓaci da ban zo bikin sabuwar shekara ba. Na nemi hutu, aka ce wanda bai cika shekara biyu a otal ba ba ya tafiya lokacin biki. Daga nan zuwa Zorthang kuwa kin sani, kwana uku a mota da wuni guda a ƙafa. Zuwa da dawowa kawai sun cinye mako.

Da za ki ga wurin nan da kin riƙe baki. Ɗakin baƙo ɗaya ya fi gidanmu faɗi, har da garken shanu na ƙasa. Daɓen da ɗumi, ko ba takalmi ba a jin sanyi. Kwamin wanka a tsakiyar ɗaki yake, yana fuskantar taga, don mutum ya jiƙa jikinsa yana kallon ƙanƙara a kan tsauni. Kullum sai an sauya zanen gado ko bai yi datti ba. Kwana ɗaya a ciki ya kai kuɗin shanu uku, amma abin da suka fi so shi ne a kai su su ga yadda talakawa ke zama. Wani tsohon Bature ya tambaye ni wai da gaske ne mu mutanen ƙasar nan kullum cikin farin ciki muke? Na ce, "Ƙwarai kuwa, yallaɓai," ina riƙe da takalmansa masu taɓo.

Ga labari mai daɗi. An cire ni daga ɗaukar jakunkuna. Manaja ya ce Turancina ya nuna, yanzu ni ke kai baƙi cin abincin rana a wani gidan gona da ke ƙetaren fadamar shinkafa, ina yi musu tafinta. Gidan na wata tsohuwa ne, Aum Gaki. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Thimphu, sai otal ya shirya da ita ta riƙa dafa wa baƙi jar shinkafa da shayin man shanu, su ci a zaune a ƙasa. Ranar farko wata baƙuwa ta nuna ta, ta tambaye ni, "Mahaifiyarka ce?" Kafin in buɗe baki Aum Gaki ta gane, ta kama kunnena ta murɗa, ta ce, "Gaya mata ɗana ne, kuma duk cikin 'ya'yana shi ya fi lalaci." Na fassara, suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Da manaja ya ji sai ya ce a ci gaba da haka, baƙi suna so su ji gidan wani nasu suka shiga. Tun daga ranar Ama nake kiranta. Tana ajiye mini ƙanzon tukunya, ta ɗinke mini bakin rigata da ya yage, in na makara ta wanke ni tas.

Saboda haka ki gaya wa Ama ta daina damuwa da cikina. Na samu wata Ama a Paro, har na fara ƙiba.

Ki karanta mata duka, kada ki tsallake.

Yayanki,
Nidup

*

Zorthang, 2 ga Afrilu

Ata Nidup,

Muna gaishe ka. Mun ji daɗi da murar ta sake ka. Gembo lafiya. Mun shuka masara a gonar ƙasa. Baƙar saniya ta haihu, ɗan bai zauna ba.

Ama ba ta hawa tsani, Ata yayana. Rabonta da hawa tun watan sha biyu. Kumburin ya wuce gwiwa, in ta kwanta numfashi ya gagara, sai in jingina ta da buhu ta yi barci a zaune. Ma'aikacin lafiya ya hawo ya duba ta, ya ce zuciya ce, ya bar ƙwayoyi, ya ce a kai ta babban asibiti a Mongar. Ta ce ba wanda zai ɗaure ta a gora ya gangara da ita kamar buhun dankali.

Takardarka ta zo ranar Asabar. Na zauna kusa da ita na karanta, ina juya mata daga harshen ƙasa da ka rubuta da shi zuwa harshenmu na gida layi bayan layi, ban tsallake ba tunda haka ka ce. Ta saurari labarin daɓe mai ɗumi da kwamin wanka. Da na zo inda ka ce ka samu wata uwa, sai ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta ci komai ba.

Ni ban iya Turanci ba. A aji shida aka cire ni don kai ka ƙarasa, saboda haka wataƙila akwai wasan da ya fi ƙarfin kaina. Abin da na iya shi ne in goya Ama in kai ta bayan gida sau huɗu a rana. Na kuma iya wanke zanen da ya yi datti da gaske. Kai kana can ana murɗa maka kunne ana dariya. An kusa shekara biyu ba ta ga fuskarka ba, duk lokacin da kare ya yi haushi a hanyar ƙasa sai ta ce in leƙa. Ashe kai tuni ka sami madadi. Ita waccan ƙafarta ba ta kumbura, ko? Ba ta tari? Tana yin kyau a hoto?

Ka ci ƙanzonka lafiya.

Yangdon

*

Paro, 25 ga Afrilu

Yangdon,

Ina gaishe ku. Jikina lafiya, amma tun da na karanta takardarki abinci ya daina shiga. A ɗakin guga na karanta ta, a tsaye. Ban gama ba aka kira ni in kai baƙi, na cusa ta a ƙirjin rigata na fita ina murmushi kamar yadda aka koya mana.

Wasa nake yi, Yangdon. Na rubuta ne don ta yi dariya, don na san ba abin da ke damunta kamar ko na ci ko ban ci ba. Ban san ciwon ya kai haka ba. A takardarki ta lokacin sanyi cewa kika yi "da sauƙi", ni kuma na ɗauka da sauƙin ne. Me ya hana ki gaya mini? Abin da kika faɗa game da makaranta gaskiya ne.

Na je wurin manaja. Ba mugun mutum ba ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce ɗakuna a cike suke har ƙarshen Mayu, in damina ta sauka baƙi suka janye zai ba ni mako uku a Yuli.

Har yanzu ina kai baƙi gidan Aum Gaki, aikina ke nan. Amma na daina cin abincinta. Jiya ta tsare ni a bakin murhu ta ce, "Kai ɗan gabas, gishirina ne ya yi yawa, ko budurwa ce ta ƙi ka?" Na ce cikina ke ciwo. Ta ce, "Ƙarya ma ba ka iya ba."

Ga roƙona. Ki gaya wa Ama ba ni da uwa sai ita. Ki ce mata ina so in zo a Yuli. Amma ina tsoron in shigo mata ta ƙi kallona. Ki tambaye ta ko in zo, ki rubuto mini abin da ta faɗa da bakinta. Kada ki ƙara komai.

Nidup

*

Zorthang, 4 ga Yuni

Ata,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da jinkiri, noman masara ne da dashen shinkafa, ga birai sun addabi gonar sama, can Gembo ke wuni. Ama tana nan yadda take, yau dama-dama gobe babu daɗi. Lama, malamin ibadarmu, ya zo ya yi mata karatun addu'a kwana biyu.

Na tambaye ta. Ta ce, "Ki ce masa kada ya zo. Ya zauna inda yake."

Ban ƙara komai ba. Sauran ya rage naka.

Yangdon

*

Paro, 27 ga Yuni

Yangdon,

Da fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya.

Na ji saƙon Ama. Ban taɓa saɓa mata ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Hutun da aka ba ni na bar wa wani abokin aikina da matarsa ta kusa haihuwa.

Ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa. Ɗakuna huɗu kawai ke da mutane. Sauran muna shiga kowace safiya mu hura murhu don kada katako ya yi fumfuna, mu kakkaɓe gadon da ba wanda ya kwanta a kai, mu rufe mu fito.

Na ba direban motar Trashigang bargo da safa masu kauri, zai ajiye a kantin bakin hanya. Ba sai kin ce daga wurina suke ba, in hakan zai sa ta ƙi su. In ta huce zuwa lokacin sanyi, ki sanar da ni.

Nidup

*

Zorthang, 14 ga Agusta

Ata Nidup,

Ni da Gembo muna lafiya.

Ama ta rasu ranar Laraba, tara ga wata, da hantsi. Na ba ta kunu ta sha cokali uku, ta ce in buɗe mata taga ta ga masara. Na buɗe, na fita zubar da ruwa. Da na dawo na tarar ta tafi, a zaune, bargonka a kan ƙafafunta.

Takardarka ta Yuni sai ashirin ga Yuli ta iso, ƙasa ta zaftare ta toshe hanya a Namling. Ranar da na karanta ta na rubuta maka cewa ka bar komai ka taho. Ban san inda wannan takardar take ba, wataƙila tana cikin buhun gidan waya a bakin zaftarewar. Gembo ya gangara kanti sau biyu don ya buga maka waya, layi a yanke.

Mai duba ya ce kada gawar ta wuce kwana huɗu. Jiya aka ƙone ta a bakin kogi, ana yayyafi. Gembo ne ya tsaya inda ya kamata ka tsaya.

Wannan takardar malamin makaranta na ba, zai bi ta kudu ya zagaya ta Indiya zuwa Thimphu. Addu'ar kwana ashirin da ɗaya ranar talatin ga wata ce. Ka biyo hanyar da ya bi.

Ƙanwarka,
Yangdon

*

Zorthang, 6 ga Satumba

Ata,

Da fatan ka isa lafiya, da fatan hanya ba ta wahalar da kai kamar a zuwa ba. Mu muna nan. Gidan ya yi mini faɗi.

Kwana huɗu ka yi a nan ban iya gaya maka abin da zan rubuta yanzu ba. Ina kallonka kana zuba wa masu karatu shayi, hannun hagu a bayanka, tsofaffi suna tsokanarka da "ɗan otal", kana murmushin da ba naka ba. Ranar da za ka tafi ka same ni a wurin ɗiban ruwa ka ce, "Ta ambace ni?" Na ce eh, na ɗauki tuluna na wuce. Ba ka sake tambaya ba, ni kuma na ji daɗi da ba ka sake ba.

Ƙarya na yi maka, Ata.

Ama ba ta juya fuskarta bango ba. Da na karanta mata inda matar ta murɗa maka kunne, dariya ta yi har tari ya sarƙe ta, sai da na bubbuga mata baya. Ta ce, "Malalaci! Ai matar nan ta san shi." Sau uku ta sa na maimaita wurin. Ta tambayi sunanta, ta yi ta faɗa a bakinta don kada ta manta. Ta ce, "Mutuniyar kirki ce. Yaron nan in ba a ajiye masa ba, ba zai taɓa cewa a ba shi ba." Ranar ta ci abinci fiye da kullum.

Washegari ta sa na sauko da busasshen barkono daga rufi. Ta zauna tana tsincewa da yatsun nan nata masu kumburi, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle masu kyan a tsumma. Ta ce in aika wa Ama ta Paro, wai barkonon mutanen yammacin ƙasar nan kyan ido ne kawai, ba zafi. Na ɓoye ƙullin a bayan rumbu. Sau biyu ta tambaye ni ko ya isa, na ce ya isa, har matar ta yi godiya.

Za ka ce don me. Ni ma na tambayi kaina. Ranar da takardarka ta zo na gama wanke ta ke nan, bayana kamar zai karye. Wata huɗu ina gabanta, ina juya ta, ina ba ta a baki, ban ji ta yi wannan dariyar ba ko sau ɗaya. Kai da layi biyu daga gari mai nisan kwana huɗu ka sa ta yi. Na fita bayan gida na yi kuka, na dawo na rubuta maka abin da na rubuta.

Takardarka ta Afrilu ma na karanta mata. Da na zo inda ka ce ba ka da uwa sai ita, ta ce, "Wannan wace irin magana ce? Wa ya ce masa yana da wata?" Na ce kewar gida ce kawai ke damunka.

Na ce maka ban ƙara komai a maganarta ba. Gaskiya ne, ban ƙara ba. Ragewa na yi. Ga abin da ta faɗa: "Ki ce masa kada ya zo. Ya zauna inda yake har ruwa ya ɗauke, hanyar Namling cin motoci take a Yuli. Ba inda za ni. Ya zo mu ci sabuwar masara."

Na ɗauka in ka ji rabin za ka taso a guje. Muna yara in Ama ta ɗaure maka fuska ba ka iya wuni sai ka je ka rungume ƙafarta. Haka na zaci za ka yi. Ban san za ka ce "to" ka zauna ba. Da na gane, hanya ta riga ta rufe.

Ba ta tafi da fushinka ba. Ba ta taɓa yin fushin ba. Ni ce.

Ga ƙullin barkonon na haɗo da wannan. Ka ba mai shi. Ban ce ka yafe mini ba.

Yangdon

*

Paro, 21 ga Satumba

Yangdon,

Ina gaishe ki da Gembo. Na iso lafiya, ƙafata ce kawai ta yi kanta, ta warke.

Takardarki ta zo ranar Litinin. Amsa uku na rubuta na yage. Ta farkon da kin karanta ta da ba za mu sake magana ba har mu mutu.

Jiya na ɗauki ƙullin na tafi gidan Aum Gaki tun kafin lokacin baƙi. Ban taɓa gaya mata komai ba, ko rasuwar ma cewa na yi wata tsohuwa ce a dangi. Na zauna a bakin murhu na faɗa mata duka, tun daga farko. Ta kwance tsumman, ta ɗauki barkono ɗaya ta shinshina. Can ta ce, "Yaya sunanta?" Na ce Tshomo. Ta faɗa sau biyu.

Sai na shiga maganarki, muryata tana hawa. Ta katse ni ta ce, "Wata nawa ƙanwar taka ta yi tana goyon uwarku?"

Na ce takwas.

Ta ce, "Kai fa?"

Na yi shiru.

Ta ce, "To ci gaba da yin shirun. Miƙo mini wuƙa."

Ta yanka uku daga cikin barkonon ta zuba a miyar cuku. Baƙi shida suka zo, suka zazzauna a ƙasa suna gyara ƙafafu. Ana cikin ci wani ya nuna ta da cokali ya yi tambayar da kullum ake yi, "Mahaifiyarka ce?" Na buɗe baki, Yangdon, kalmar ta ƙi fita. Ina tsaye da butar shayi a hannu, hawaye na zuba har cikin wuyan rigata, duk sun zuba mini ido. Aum Gaki ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Gaya musu barkono ne." Na gaya musu. Suka yi dariya suna fifita bakinsu, don su ma ya kama su. Ɗaya ya ɗauke ni hoto.

Da na koma na sami manaja na ce ba zan ƙara cewa uwata ce ba, in ya ga dama ya mai da ni ɗaukar jaka. Ya ce zai yi tunani.

Addu'ar kwana arba'in da tara ba zan samu zuwa ba, lokacin biki ne, ko ɗaki ɗaya babu a buɗe. Kafin wannan ta iso ki an riga an yi. Aum Gaki ta aika wa otal cewa ranar ƙofarta a rufe take, ko wane ne zai zo. Ta kira lama, za ta kunna fitilun man shanu ɗari da takwas a ɗakin ibadarta da sunan Ama. Ni zan wanke kofunan fitilun.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tunda ke kin faɗi naki. Na san Ama shekara ashirin da bakwai. Na san ba ta taɓa korar ko kare daga ƙofarta ba. Amma na karanta layi biyu na yarda da su nan take, ban sake tambaya ba. Ina ganin na yarda ne don zama a nan ina jin an zalunce ni ya fi sauƙi a kan in zo in ga yadda ta koma, in ga abin da na bar miki. Wannan ba ke kika yi ba.

An ba ni wata guda a watan sha biyu. Ki ce wa Gembo kada ya fara gyaran rufin gidan nan shi kaɗai, ya jira ni. Ke kuma ki gangara ƙaramin asibiti a duba miki bayanki, na ga yadda kike tashi daga zaune.

Har yau ina fushi da ke, kuma ba ni da kowa sai ke. Ki rubuto.

Yayanki,
Nidup